Tambayoyi da amsoshi: abin da tsohon jirgin ruwa mai arha ya koya min

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jirgina na farko tsohon jirgin katako ne da na saya hannu na biyu a nan yankin Yauri, da tsohon inji Yamaha mai ƙarfin doki 15 a bayansa, ina ɗan dakon kaya da shi ina kuma fita kamun kifi. Matasa da yawa masu son shiga harkar ruwa suna min tambayoyi kusan iri ɗaya, shi ne na ce bari in haɗa su wuri guda in amsa iya abin da na gani da idona da wanda na koya a wajen manyanmu Sarkawa.

Malam, gaskiya in sayi tsoho ko in yi haƙuri in tara kuɗin sabo?

Ya danganta da abin da zaka yi da shi. In koyon ruwa kake so, ka ɗan yi su kusa da gaɓa, ka ɗauko buhunan albasa ko shinkafa ko itace daga tsallake, to tsoho ya isa, kuma zai koya maka abin da sabo ba zai koya maka ba, don dole ka san kowane katako nasa da kowace ƙusa, dole ka iya kwance fulogi da kanka, dole ka san ƙarar injinka in tana lafiya da in ba ta lafiya. Amma in niyyarka ɗaukar fasinja ne ranar kasuwa, dan Allah kar ka fara da jirgin da aka sayar maka da arha. Mai shi ba haka kawai ya karya kuɗin ba, akwai abin da ya gani.

To nawa zan tanada?

Farashi kam kullum tashi yake, musamman inji da kayan gyaransa tunda daga waje ake shigo da su, dala ta motsa su motsa. Abin da zan ce maka shi ne kar ka zuba duk kuɗin hannunka a wajen saye. Ka bar wani kaso mai kauri a gefe, don kuɗin da ka miƙa wa mai jirgi kuɗin shiga ne kawai, bayansa akwai kafinta, akwai kwalta da ƙusa, akwai makaniki, akwai igiya da anga da rigunan ruwa, ga kuɗin ƙungiya a tasha. Na ga wanda ya saya ya rasa na gyara, jirgin ya zauna a kan yashi rana tana dukansa har ya tsattsage ya fi yadda aka saye shi lalacewa. Araha ba ta ado, iyayenmu sun riga sun faɗa.

Me zan duba a jikin jirgin kafin in biya?

Nan ne maganar take, ka bani hankalinka sosai.

Abu na farko, kar ka yarda ka saya jirgi yana cikin ruwa kawai. Ka ce a jawo shi tudu a kife shi ko a karkata shi ka ga cikinsa ta ƙasa, ko da kai zaka biya yaran da za su ja. Mai sayarwa in ya fara cewa ai babu buƙata, ai jiya ma ya dawo daga Malale da kaya, to wannan ma amsa ce. Ka zo da ƙusa doguwa ko wuƙa mai tsini da ƙaramar guduma. Ka bi katakan ƙasa ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa, lafiyayyen katako ƙara yake bayarwa mai kaifi, wanda ya ruɓe kuwa zaka ji ƙarar ta mutu, ka soka ƙusar ka ga ta shige ba tare da ka sa ƙarfi ba. Inda ya fi ruɓewa shi ne inda ruwa yake kwanciya, wato can baya wajen da ake kwarfa, da ƙarƙashin katakan da suka gitta ciki suna riƙe jikin jirgin, da kuma kewayen kowace ƙusa. In ka ga baƙin zobe ya zagaye kan ƙusa to tsatsa ta ci ƙusar ta kuma ci katakon da ke riƙe da ita, a ido jirgin a haɗe yake amma in igiyar ruwa ta buge shi da kaya a ciki nan ne zai buɗe.

Sai katakon baya, inda ake ɗaura inji. Ka kama ƙafar injin ka girgiza sama da ƙasa da ƙarfi, in ka ga katakon yana motsi tare da shi ko yana buɗe baki a gefe, a sa canjinsa cikin ciniki. Duk ƙarfin injin a kan wannan katakon yake sauka, kuma an sha jin inji ya ɓalle ya faɗa ruwa da guntun katakon a jikinsa.

Sabon fenti da sabuwar kwalta kuma kar su burge ka. Jirgin da aka shafe jiya jiya don a sayar, ni ya fi bani tsoro a kan wanda aka bar shi yadda yake ana ganin tabonsa. Ka ƙirga facin langa-langa da aka buga masa, ɗaya biyu ba komai, kowane jirgi yana da su, amma in ƙasan duk faci ne a kan faci to ba jirgi zaka saya ba, aiki zaka saya.

Ka tambayi irin katakon ma. Maɗaci da kawo da loko suna jure ruwa shekaru, farin katako mai taushi kuwa da wuri yake gajiya, kuma wasu a wajen gyara sai su cusa mai arhan a tsakiya su rufe da kwalta. In baka iya bambancewa ba ka tafi da kafintan jirgi wanda ba abokin mai sayarwa ba, ka biya shi ladan ƙafarsa, wallahi kuɗin nan ba asara bane.

Daga nan a mayar da shi ruwa, a kwarfe shi tas, a ɗora masa nauyi kamar buhunan yashi, ku zauna ku yi hira na awa guda ka ga ruwan da zai tara.

Ai an ce kowane jirgin katako yana yoyo?

Haka ne, yana tsattsafo kaɗan, shi ya sa ba a rabuwa da abin kwarfa. Amma akwai bambanci tsakanin ka kwarfe da safe ka kwarfe da yamma, da kuma a ce sai an ajiye yaro guda ba shi da aiki sai kwarfa tun daga tashi har sauka. Na biyun ba yoyo bane, jirgin ne yake gaya maka ya gama.

Injin fa? Yaya zan gane mai lafiya?

Sau da yawa injin ya fi jirgin kansa tsada, don haka shi ma a bi shi a hankali. A ruwanmu Yamaha Enduro ne ya fi yawa, mai doki 15 da 25 da 40 har 75, kuma dalilin da yasa nake ba sabon shiga shawarar ya tsaya a kansa ba wai talla bane, kayan gyaransa ne ake samu kuma kusan duk makanikin bakin ruwa ya san cikinsa. Inji mai baƙon suna ko an baka shi rabin kuɗi, ranar da wani ɗan ƙaramin abu ya lalace sai ka yi sati kana jiran saƙo daga Legas ko Onitsha.

Ka je da sassafe ka taɓa kan injin ka tabbatar da sanyi yake, don wasu suna tayar da shi ya yi zafi kafin ka iso saboda ya tashi bugu ɗaya. Ka ja igiyar da hannunka, lafiyayye zaka ji yana turjewa, in tana zuwa salalam ba nauyi to ringi ko fistin sun gaji. Yana tashi ka leƙa baya ka ga ruwan nan da yake tsartuwa siriri, shi ne shaidar famfon sanyaya inji yana aiki, in babu shi ko yana ɗiga ɗiga a kashe nan take. Ka sa a kwance noti na ƙasan ƙafar injin a ɗan zubo man giya a tafin hannunka, in ya fito fari fari kamar an dama shi da madara to ruwa yana shiga giyar. Ka sa giyar gaba ka sa ta baya ka ji ko tana faɗawa da kanta in an ba shi wuta. Kuma a gwada shi a kan ruwa da nauyi, ba cikin durom ba, inji da yawa suna kuka mai daɗi a durom amma su kasa tura jirgi.

Wani abu da mutane suke mantawa, injinan nan akwai mai gajeren ƙafa akwai mai dogo, na inci 15 da na inci 20, dole ya dace da tsayin katakon bayan jirginka, in farfela bata nutse yadda ya kamata ba iska zata riƙa kamawa kana ƙona mai a banza.

Sai lambar inji da rasit. Satar inji ta yi yawa a bakin ruwa, in ka ga an kankare lambar ka bar shi ko nawa ne. A yi cinikin gaban shaidu, gaban Sarkin Ruwa ko shugaban tasha, a rubuta takarda kowa ya sa hannu.

Yaya ake haɗa mai da baƙin mai?

Waɗannan injinan ba su da wurin zuba baƙin mai daban, a cikin fetur ake haɗawa. Yawancinsu kashi 50 na fetur ne da kashi 1 na baƙin mai, wato jarka mai lita 25 rabin lita zaka zuba mata ka girgiza sosai. In an yi wa injin sabon aiki an sa sabon ringi, a farko ana ninka baƙin man har ya zauna. Ka nemi na injin ruwa mai rubutun TC-W3 a jikin robar, kar ka zuba na mota. Wasu suna rage baƙin mai wai don tsada, to ranar da fistin ya kama a tsakiyar ruwa kuɗin gyaran zai sayi baƙin man shekara.

Kuma ka riƙa tace fetur da kyalle mai tsabta ko mazurari mai rariya. Man bumburutu da ake sayarwa a tasha sau da yawa akwai ruwa da datti a ƙasansa, kusan duk matsalar da injina ya bani a farko daga kafireta take, kuma daga mai take farawa.

Yana shan mai sosai?

Sosai ma, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lissafin harkar ruwa gaba ɗaya ya canza. Mai doki 40 in ka murɗa shi har ƙarshe yana iya shan kusan lita 20 a awa ɗaya, mai doki 15 kuma wajen lita 7 zuwa 8. In ka ɗan sassauta hannu gudun da zai ragu kaɗan ne amma man da zaka tsira da shi da yawa ne. Tsohon jirgi kuma katakonsa ya sha ruwa ya yi nauyi, ga gansakuka a ƙasansa, duk suna ƙara shan mai, don haka ka riƙa kankare ƙasan. Man da zaka fita da shi ka raba shi uku a ranka, ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi sai dole.

Me ya kamata ya zauna cikin jirgi kullum?

Filafili aƙalla biyu da gora doguwa, abin kwarfa biyu a ɗaure ɗaya da igiya, fulogi sabbi da sifanar kwance su, igiyar tayar da inji ta ajiya, noti da fil na farfela, filaya da sukundireba, tsumma da 'yar kwalta da ƙusoshi da guduma, anga da igiya mai tsayi, tocila, wuƙa don yanke koma in ta naɗe farfela, waya a cikin leda a ɗaure, da rigar ruwa ta kowa. In zaren koma ya naɗe bayan farfela ka kwance farfelar ka cire shi duka, shi ne yake yanka robar da ke hana ruwa shiga giya.

Ni na iya iyo tun ina yaro, rigar ruwan ta mece ce?

Ɗan'uwa wannan maganar na ji ta a bakin mutane da yawa kuma tana damuna. Tafkin Kainji ba rafin bayan gari bane, tsawonsa ya haura kilomita 130, akwai wuraren da in kana tsakiya da ƙyar kake hango gaɓa. Iyo na minti goma daban, iyo na awa biyu da kaya a jikinka da igiyar ruwa tana marin fuskarka daban, balle in katako ya buge ka a kai, balle in wanda bai iya ba ya riƙe ka. Yawancin waɗanda ake rasawa mata ne da yara. Ka saya, ka sa, ka sa wa duk wanda ya shigo jirginka, wanda ya ƙi ya sauka.

Zan iya ɗan riƙa ɗaukar mutane ranar kasuwa don in mayar da kuɗina?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a wajena. Kuɗin fasinja yana da daɗi, ranar kasuwa mutane suna tsaye a tasha suna roƙonka, wannan ta ce Malam taimaka yamma ta yi, wancan ya ce ai ni kaɗai ne da ɗan buhuna, kafin ka ankara bakin jirgi ya kusa shafar ruwa. Duk wanda yake yankin nan bai manta da 26 ga Mayun 2021 ba, ranar da jirgi ya taso daga ɓangaren jihar Neja zuwa Warra a ƙaramar hukumar Ngaski da mutum sama da 150 a ciki ya tarwatse a tsakiyar ruwa, waɗanda aka ceto da rai 'yan kaɗan ne, kuma abin da hukuma ta faɗa shi ne jirgin tsoho ne an kuma yi masa lodi fiye da ƙima. A ƙarshen Nuwamban shekarar kuma aka yi na Bagwai a jihar Kano, a dam ɗin Watari, mutum 29, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da za su je Mauludi. A Yunin 2023 na Patigi a jihar Kwara ya ci sama da mutum 100 'yan dawowa daga biki cikin dare. Allah Ya jiƙansu Ya gafarta musu.

Ka duba duka, abubuwan suna maimaita kansu, tsohon katako, lodi, dare, babu rigar ruwa. Mun yarda kowa da ajalinsa, amma wanda ya san ƙasan jirginsa ya ruɓe ya zuba 'ya'yan mutane a ciki akwai tambaya a kansa gobe. Ni dai shawarata tsohon jirgi mai arha na kaya ne da kifi da kai da yaronka. In har sai ka ɗauki mutane, sai kafinta ya canza duk katakon da ya mutu, manyan tasha sun duba sun yarda, ka ja layi da fenti a jikin jirgin inda ruwa ba zai wuce ba, in ya kai layin ko mahaifinka ne ya zo ka ba shi haƙuri ya jira sahu na biyu.

Akwai takardu ko rajista?

Akwai. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, hedikwatarta a Lokoja, tana da ofis a Yauri, ita ke rajistar jirage, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar ruwa. Ka je ka tambaya da kanka kafin ka fara aiki. Sannan ka shiga ƙungiyar tasharku ka gaida Sarkin Ruwa, ranar da injinka ya mutu a tsakiya su ne za su fito nemanka.

Wane haɗari ne a ruwan da baƙo ba zai sani ba?

Kututture. Da aka gama dam ɗin Kainji a 1968 ruwa ya shanye garuruwa da gonaki da dazuka, har tsohuwar Bussa, shi ya sa aka gina New Bussa, kuma har yau akwai itatuwa a tsaye a ƙarƙashin ruwan. Lokacin da tafki ya cika suna can ƙasa, in ya ja baya wajen farkon damina sai su dawo dab da saman ruwa ba ka ganinsu, sabon jirgi ma suna fasa shi balle tsoho. Hanyar da ka bi lafiya a watan Janairu ba lallai ta zama lafiya a watan Yuni ba. Don haka ka yi watanni kana bin tsohon direba, Basarke ko Bagunge wanda aka haifa a ruwan, ka haddace hanyoyinsa kafin ka fara fita kai kaɗai.

Sai iskar farkon damina, hadari zai haɗo daga gabas cikin ɗan lokaci ruwa ya birkice, in ka ga gabas ta yi baƙi ka nemi gaɓa mafi kusa ko ba taku bace. Lokacin hunturu kuma hazo ne, sai rana ta ɗaga ake ganin gaba. Ga kainuwa da ke toshe hanya tana naɗe farfela tana toshe inda inji ke shan ruwa. Ga dorina, musamman mai ɗa, in masunta sun ce tana wuri kaza ka zagaye nesa kar ka ce zaka je kallo.

In inji ya faɗa ruwa shikenan ya mutu?

A'a, in aka ciro shi da wuri. A cire fulogi, a juya shi ruwan ya fita, a wanke kafireta, a zuba baƙin mai ta ramin fulogi a ja igiya a hankali, a yi ƙoƙari ya tashi a ranar ya yi zafi. In ka ji yashi a ciki kar a ja, a kai wa makaniki ya buɗe. Barinsa ya kwana biyu a jiƙe shi ne yake kashe shi. Kuma ka riƙa ɗaure shi da igiya ko sarƙa a jikin jirgi bayan maƙallansa.

Yaya zan kula da jirgin ya daɗe?

Kar ka bar ruwan sama ya kwana a ciki, kar kuma ka bar shi a tudu cikin rana tsawon lokaci, katako zai bushe ya ja jiki haɗin ya buɗe, in dole ne a rufe shi da ciyawa ko tabarma a riƙa watsa masa ruwa. Sau ɗaya a shekara a fito da shi a kankare, a cire ƙusoshin da suka yi tsatsa a sa waɗanda ba sa tsatsa, a cusa auduga ko tsumma a haɗi a bi da kwalta mai zafi, amma a kan busasshen katako mai rai, kwalta a kan ruɓaɓɓe ɓoye ciwo ne kawai. Inji kuma a canza man giya a kai a kai, robar famfon ruwa duk shekara tunda ruwanmu akwai yashi, kar a taɓa tayar da shi a tudu babu ruwa ko na minti ɗaya, kuma da dare a kwance shi a kai gida.

Jirgin faiba bai fi na katako ba?

Ba ya ruɓewa kuma ba shi da nauyi, amma ya fi tsada, kuma in ya fashe ba kowane gari zaka samu mai gyaransa ba, na katako kuwa kowace tasha akwai kafinta. Tsohon faiba shi ma a duba katakon bayansa, don yawanci akwai katako a cikinsa da yake ruɓewa a ɓoye.

Yaushe zan san lokacin rabuwa da tsohon jirgin katakon ya yi?

In kafinta ya buga ƙusa ta ƙi kamawa saboda babu sauran katako mai rai da zata riƙe, ko in gyaran ƙasan zai kai kusan kuɗin a ƙera maka sabon jiki, to ka cire injinka ka sa a ƙera maka sabo, injin da ka kula da shi zai yi maka jirgi biyu har uku. Tsohon jikin in zaka sayar ka faɗa wa mai saye duk inda yake ciwo, ka nuna masa da hannunka gaban shaidu, kar ka shafe shi da fenti. In kuma ka san ya wuce gyara kar ka sayar wa wanda zai mayar da shi ruwa, a farfasa shi, katakon gefe masu sauran ƙwari a yi benci ko ƙofa da su, sauran a kai wa masu banda kifi.